Wanda Ya San Makarinka

"Sunanta Kara, amma wallahi, Kawu, ba ta da kara."

Ɗiyar ƙanwata ce ta faɗi haka, ta kife wayar bisa tabarma kamar wadda aka yi wa laifi. Daren Alhamis ne a Madarunfa, an idar da isha'i, iskar tafki ta fara shigowa gari da ɗan sanyinta da ƙarnin kifi. Mako biyu ke nan tana bin wani shirin Amurka mai suna Supergirl, wanda mai tura fina-finai na bakin tasha ya zuba mata a waya da muryoyin Faransanci. A daren ta kai ƙarshen zango na biyu. Na riga ta kallon shirin da shekaru, ina Yamai, saboda haka na san inda ta iso, na san kuma abin da ya ƙona mata rai.

Kara ƴar wata duniya ce da ake kira Kirifton, wadda ta tarwatse tun tana yarinya, iyayenta suka sako ta cikin ɗan jirgi zuwa tamu duniyar. Hasken ranarmu ya ba ta ƙarfin da ya wuce misali: tana tashi sama, harsashi ba ya huda ta, idonta na ratsa bango. A zango na biyu, wanda aka fara nunawa a 2016, aka buɗe wani jirgin da ya faɗo, aka tarar da saurayi a ciki, Mon-El, mutumin Daksam. Kirifton da Daksam maƙwabta ne, rana ɗaya suke kewayawa, kuma tsohuwar gaba ce tsakaninsu. Mutanen Kirifton na ɗaukar na Daksam ƴan sharholiya masu bautar da mutane, su kuma na Daksam na ganin waɗancan masu girman kai ne da tunanin sun fi kowa sani. Jin asalinsa kawai ya ishi Kara ta sa a kulle shi, ta ɗora masa laifin da bai ji ba bai gani ba. Daga nan aka faro, a hankali har zukata suka haɗu. Sai uwarsa, Sarauniya Riya, ta iso da runduna tana neman ɗanta da duniyar baki ɗaya. Makasar mutanen Daksam dalma ce. Aka haɗa na'urar da za ta watsa ƙurar dalma cikin iska, Kara ta danna da hannunta. Rundunar ta watse, uwar ta mutu, shi kuma masoyin ya zama dole ya tafi, don iskar da ita take shaƙa ta zame masa guba. Ta ba shi sarƙar mahaifiyarta, ta sa shi a jirgi.

Tun daren nake juya wata tambaya: me za a kira irin waɗannan mutane da Hausa? Jarumi ya riga ya koma hannun ƴan fim. Tun da fina-finan Indiya da na Kano suka cika gidaje, duk wanda ya fito a gaba a labari jarumi ne, ko da kuwa waƙa da rawa kaɗai ya yi. Barde sai da doki da sarkin da yake wa yaƙi. Gwarzo ya zama na ranar ba da kyauta. Amma je ka sami wani dattijo a bakin kasuwar garin nan, ka ce masa ga wata yarinya da ƙarfe ba ya cin jikinta. Ba zai ce jaruma ba. Zai ce ta dafu. Zai ce ta sha. In ya taƙaita ya ce, "Mai asiri ce."

Mu da muka tashi muna ganin ƴan tauri na goga wuƙa a ciki tana lanƙwashewa, wannan ba baƙon labari ba ne. Filin kokowa na Maraɗi sunan Yakuba Ango Kantu yake ɗauke da shi, wanda ya ɗauko takobin ƙasa na farko a Tawa a 1975, kuma har yau in ɗan kokowa ya shigo fili, ido na karanta layu da guraye da kambun da ke jikinsa kafin ya karanta damtse. Ƙarfi a wurinmu ba ya zuwa tsirara, da abin da ke bayansa yake zuwa. Kowa kuma ya san sauran zancen: babu asirin da ba shi da makari. Wanda ya ba ka da sharaɗi ya ba ka. Kada ka ci nama kaza, kada ka tsallake abu kaza, kada wani ya ji. Kara ma tana da nata makarin, wani koren dutse, ɓarɓashin ƙasarta ta haihuwa. Wannan ya daɗe yana taɓa ni: abin da ya fi komai iya kayar da ita guntun gida ne.

A dubi kalmar da kyau. Makari, daga karya, an gina shi kamar mabuɗi da makulli da madubi. Sunan kayan aiki ne, kayan aiki kuwa ba ya motsi sai da hannu. Harshen da ya ƙera kalmar ya riga ya san akwai wani da zai riƙe ta. Abokin gaba da ke nesa bai san makarinka ba. Da ya sani da bai tara runduna ba. Wanda ya san shi shi ne wanda ya ga lokacin da kake kwance layunka ka rataye kafin ka kwanta.

Asiri daga Larabci ta zo mana, amma da ta zauna a bakinmu sai ta yi fuska biyu. Akwai asirin da ake yi wa mutum ko yake yi wa kansa, na tsari da na cuta. Akwai kuma asirin da kowane ɗan'adam ke da shi ko bai taɓa zuwa wurin boka ba: talaucinsa, ciwonsa, abin da yake tsoro, abin da ya taɓa yi yana jin kunya. Shi ne wanda muke roƙon Allah ya rufa mana duniya da lahira. Magidancin da ke da abin sa wa a tukunya ba tare da ya roƙa ba, cewa ake yana da rufin asiri. Kuma in tsofaffi za su faɗi amfanin aure a taƙaice, ba soyayya suke fara ambata ba, cewa suke aure rufin asiri ne. Na daɗe ina jin wannan magana a matsayin ta mutanen da suka gaji, waɗanda suka rage wa aure daraja zuwa bango da rufi. Yanzu ina ganin ta fi yawancin kalaman waƙoƙin soyayya zurfi. Ba ka rufa abin da ba ka gani ba. Kafin a kai ga rufi sai an buɗe, kuma tsakanin buɗewar da rufewar nan duk haɗarin yake.

Shi ya sa tsofaffin labaranmu ba su yarda da matar da aka auro daga gidan gaba ba. Marokan Mande suna ba da labarin Sumanguru, sarkin Soso, wanda ƙarfe ba ya kama shi. Nana Tiriban, ƴar'uwar Sunjata, tana cikin gidansa a matsayin mata. Ta lallaɓa shi har ya faɗa mata cewa tsinin da ke bayan ƙafar farin zakara shi ne ajalin ƙarfinsa. Ta gudu ta kai labari, aka ɗaura tsinin a kan kibiya, aka gama da shi a Kirina wajen 1235. A wannan labarin ɗakin aure fagen yaƙi ne da aka shimfiɗa wa tabarma. Na Daura ya bi wata hanyar. Baƙo ya iso da dare, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, Magajiya Daurama ta yi masa tayin rabin gari, ya ce ita yake so. Mutane na fassara sunansa da cewa "ba ya ji da", wato da can ba ya jin harshen garin. Ji kuwa a Hausa na kunne ne, na fahimta ne, na zuciya ne kuma. Wanda ya karɓi rabin gari zai mutu yana baƙo mai iyaka da masu gari. Wanda ya shiga ɗaki ya shiga inda ake jin abin da ba a faɗa a fada.

Da na ce wa ɗiyar tawa Kirifton da Daksam ba su da nisa da nan, dariya ta yi. Amma Madarunfa a tsakanin Katsina biyu take zaune. Bayan jihadi ya ci Birnin Katsina wajen 1807, gidan sarautar da aka tuɓe ya yo arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819, kuma har gobe sarautar can Sarkin Katsina ake ce mata. Shekaru da dama dawakai na kai da komo tsakanin garuruwan biyu, ƙasar nan tamu tana kan hanyarsu. A Gawakuke, a 1836, rundunar Muhammadu Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi, bayan nan Gobirawa suka kafa Tsibiri. Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, tuwo ɗaya, amma kowane ɓangare na da sunan da yake kiran ɗayan da shi. Haɓe ba sunan da Bahaushe ya raɗa wa kansa ba ne, daga Fulatanci ya fito. Sunan da maƙwabci ya ba ka yakan riga ka isa wuri, ya zauna a kujerarka, in ka zo sai ka tarar an gama yanke maka hukunci. Abin da ya sami Mon-El ke nan ranar da ya farka.

A shirin, da Kirifton ta fashe, ɓaraguzanta ne suka yi ruwa a kan Daksam suka lalata ta. Masu iya magana sun daɗe da faɗin abin da ya kamata ka yi wa gemunka in na ɗan'uwanka ya kama wuta. Gulbin Maraɗi ma darasin da yake bayarwa ke nan kowace damina: daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya wuce Jibiya, ya shigo mu, ya ba tafkin nan ruwa, ya bi ta Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya sake komawa Najeriya ya faɗa Rima. Bai taɓa tsayawa a kan iyaka, a Ɗan Isa, an duba masa takarda ba.

Inda nake da ƙorafi a kan masu shirin shi ne ba su san taubashi ba. Sun iya gaba, sun iya soyayya, amma abin da ke tsakani ya ɓace musu. Asalin taubasai ɗan mace da ɗan namiji ne, ƴaƴan wa da ƙanwa, waɗanda ke tsokanar juna suna karɓar kuɗin shara a watan cika-ciki. Daga gida abin ya fita ya rufe al'ummu: Fulani da Barebari, Kanawa da Zazzagawa, Gobirawa da Yarbawa, a nan Nijar kuma Gobirawa da Zabarmawa. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan wasa na Nijar cikin gadon ɗan'adam, amma mu ba a takarda muka san shi ba, a tasha muka san shi, inda Bagobiri zai tare Bazabarme da bai taɓa gani ba ya ce masa "bawana", a ƙare da shan shayi tare. A lura da kalmar da suka zaɓa. Ita ce mafi muni, ita ce a da ake zare takobi a kanta. Taubashi ya san lagonka, yana kuma faɗinsa a tsakiyar kasuwa, amma faɗin nasa ne ke zare dafin. Tonon asiri ne da ba ya kunyata kowa, domin kowa na da nasa a hannun ɗayan.

Kara da Mon-El sun ɗan taɓa wannan a farkon haɗuwarsu, suna yi wa ƙasashen juna ba'a, kuma a ganina nan ne shirin ya fi rai. Sai dai tafiya ta yi tafiya, shi kaɗai ake ta gyarawa. Shi zai bar halin gidansu, shi zai koyi sadaukarwa, shi zai juya wa uwa da uba baya. Gaskiya ne gidan da ke bautar da mutane gidan bari ne, ban yi musu ba. Amma al'umma guda ba ta rasa abu ɗaya mai kyau da za ta kawo gara, kuma ban ga abin da Kara ta karɓa daga Daksam ba in ban da shi kansa. A ƙarshe an samu mutumin kirki guda daga cikinsu, sauran aka mayar da iska haram a gare su. Wannan ba haɗuwar al'adu biyu ba ce, ɗaya ce ta zaɓi wanda ya yi kama da ita.

Mu ma ba mu da bakin yin alfahari da yawa. Asiri da asali ƙaramin sauti ne ya raba su, kuma sau nawa aka tura bincike kafin aure, ɗan aike ya dawo ba da labarin halin yaro ba, sai da labarin sana'ar kakansa? Maƙeri ne, mahauci ne, wanzami ne, kakarsu sayo ta aka yi. Kara ta ƙi Mon-El da ta gano ɗan sarkin masu bayi ne ya ɓoye mata. Mu jikan mai bayi muke shimfiɗa wa darduma, jikan bawa muke hana wa ɗiya. Nijar ta mayar da bauta laifi a doka a 2003, amma bayan haka kotu ta yanke wa Hadizatu Mani ɗauri saboda ta auri wanda take so bayan an ƴanta ta, har sai da ta kai ƙasar gaban kotun CEDEAO ta yi nasara a 2008. Wannan a ƙasar Ƙonni aka yi, ba a wata duniya ba.

Dalmar ce dai ta fi tsaya mini a rai. Akwai wani ɗan abu a zangon farko da ɗiyar tawa ta manta, na tuna mata. Lokacin da Kara ta iso tana yarinya, ganin nata ya yi mata yawa, tana ganin ƙasusuwan mutane da abin da ke bayan kowane bango, ba ta da sukuni. Uban riƙonta ya yi mata tabarau da aka sa wa dalma, domin dalma ce kaɗai idonta ba ya ratsawa. Da ita ta samu ta dubi mutane a matsayin mutane, ta bar musu abin da tufa da bango suka rufe. Wato dalma ce ta koya mata rufin asiri. Kullum dalmar na bisa hancinta tana zaune kusa da Mon-El, abin da ke ba ta hutu shi ne abin da zai iya raba shi da numfashi.

Mu ma nan mun san dalma ta fuska fiye da ɗaya. Ita ce ke bakin ragar da masunta ke wurgawa a tafki da asuba, ita ke ja da ragar ƙasa ta rufe kifi. Ba don nauyinta ba da an kwana da yunwa a gidaje da yawa. Kwallin gargajiya da ake niƙawa daga dutse mai ƙyalli, wanda ke fito da idon amarya, sau da yawa dutsen dalma ne, shi ya sa likitoci ke gargaɗi a kan sa wa jarirai. Abinci ce, ado ce, guba ce, gwargwadon wanda ta taɓa da inda ta taɓa shi. Haka al'adar mutum take ga wanda ya zo daga waje. Abin da ka tashi da shi har ba ka jin nauyinsa, wani in ya shaƙa sarƙe shi yake. Masoya biyu daga gidaje masu gaba kowannensu na ɗauke da irin wannan a jikinsa ba da nufin cuta ba: wata kalma da kakarsa ke faɗa, wata dariya da ake yi a gidansu in an ambaci su wane.

To, Kara ta yi rashin kara? Na ce wa ɗiyata a'a, kuma har yanzu a kan haka nake. Kara ita ce ka bar haƙƙinka don ganin idon wani, ka haɗiye abin da kake da ikon faɗa. Da naka ake yin ta. Ba a yin kara da ran mutanen gari. Bambancinta da Nana Tiriban kuma a fili yake: waccan lallaɓa ta yi ta sato, wannan kuwa a tafin hannu aka sa mata. Mon-El ya san abin da na'urar za ta yi masa, ya amince tun kafin a danna. In akwai mai kara a labarin, shi ne. Sadaki da sadaka tushensu ɗaya a Larabci, tushen gaskiya, kuma kunnen Bahaushe na jin sadauki a kusa da su. Ban ga sadakin da ya kai mutum ya miƙa makarinsa ya ce a yi amfani da shi in ta kama ba. A nan kaɗai na yarda in kira shi sadauki, kuma ba don ƙarfin da rana ta ba shi ba.

Ta yi shiru, ta ɗauki wayar ta sake ajiyewa. Can ta ce, "Kawu, da a ce an yi auren, wa zai yi mata walicci?"

Na ce ɗan baffanta mana, Superman, tunda ubanninsu wa da ƙane ne.

"Shi Mon-El fa, wa zai karɓa mashi?"

Na buɗe baki na rufe. Ubansa, uwarsa ce ta kashe shi da ya goyi bayan a bar yaron inda zuciyarsa take. Uwar kuma dalma ta ci ta. Ko da iska ta bar shi ya zauna, da ranar ɗaurin aure ɓangarensa na tabarma babu kowa. Na tuna kalmar da ta yi amfani da ita tana da wata ma'anar a garin nan. Waliyyai 99 ake cewa suna kwance kewaye da tafkin Madarunfa, mutane na zuwa ziyara daga nesa, har an sa wurin tare da tafkin da dajin cikin jerin da Nijar ta miƙa wa UNESCO a 2006. Waliyyin amarya da waliyyin Allah kalma ɗaya ce, ta kusanci da jiɓinta. Masu ziyara kan ce irin waɗannan bayi Allah ne ke ɓoye su cikin mutane, ka yi ciniki da ɗayansu a kasuwa ba ka sani ba. Ga masu ƙarfin da ba sa tashi sama, an rufa musu asiri har cikin ƙasa.

"Zai dawo?" ta tambaya.

Zai dawo. A zango na uku zai dawo daga wani zamani mai nisa a gaba, inda shekara bakwai suka wuce masa alhali ita watanni kawai ta ƙirga, ya warke daga cutar dalma, sarƙar na wuyansa, kuma da matar aure a gefensa. Na dubi fuskarta a hasken fitilar, na ce, "Bari sai kin gani da idonki, ɗiyata." Na laluba aljihu na ba ta kuɗin turi.

Da safe ina alwala na hango ta a bakin ƙofar ɗakin uwarta, riƙe da ɗan madubi, tana zizara kwalli. Masunta sun fara dawowa daga tafki da ragarsu a kafaɗa, dalmar na karo da juna tana ƙara. Ta gyara ɗankwali, ta sa wayar a jaka, ta nufi tasha.